Zanen fuska, zanen siffa ko abstirak: wanne mai fentin mai zai kama?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Gwammaja, na daɗe ina zana fuskokin mutane da fensir da gawayi, akasari daga hoton waya, kuma ina ɗan samun na kashewa lokacin biki. Yanzu na sayi fentin mai ina son in koma kansa, amma na rasa inda zan dosa. Wasu sun ce in tsaya a kan zanen fuska tunda shi ke kawo kuɗi, wasu sun ce mai zane na gaske shi ne mai zana mutane da dawaki a cikin harkokinsu, wani abokina kuma da ya yi karatu a Zariya ya ce duniya ta koma abstirak. Ga shi fuskar da na gwada da fentin ta fito toka-toka, babu rai a cikinta. Wanne ya kamata in kama, kuma ina matsalar take?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyi biyu ka haɗa a wuri guda: ta farko ita ce hanyar da za ka bi a cikin ukun nan, ta biyu kuma dalilin da ya sa fentin ya ƙi ba ka abin da fensir ya saba ba ka. A ganina ta biyun ce ta fi gaggawa, domin wanda bai san halin fentin mai ba, duk hanyar da ya kama zai sha wahala a cikinta. Ita kuwa ta farko, amsata a taƙaice ita ce ukun nan ba sana'o'i uku ba ne. Ido ɗaya ne ke yin su duka, idon da ya koyi ganin haske da duhu da girman kowane sashe kafin ya damu da sunan abin da yake kallo. Inda suka rabu shi ne wanda ke yanke hukunci a kan aikin. A zanen fuska, mutumin da ke zaune gabanka shi ne ma'auni. A zanen siffa, wato na mutane da dawaki a cikin harkokinsu, motsi da nauyin jiki da abin da ke faruwa su ne ma'auni. A abstirak kuwa, wato zanen da ba ya kwaikwayon siffar wani abu da ido ya sani, babu ma'auni sai kanbas ɗin kansa da launukan da ka ɗora masa.

Halin fentin mai

Fentin mai garin launi ne da aka niƙa a cikin mai mai daskarewa, galibi man linsid, wanda ake matsowa daga irin wani tsiro. Ba ya bushewa irin yadda ruwa ke bushewa, iska ce ke shiga cikin man sannu a hankali har ya sandare ya zama fata. Shi ya sa samansa ke ɗaukar kwanaki kafin a iya taɓa shi, cikinsa kuma watanni. Man gyaɗa da sauran man girki ba su da wannan halin, don haka kada wani ya ba ka shawarar sirka fenti da su don tsimi, zanen zai zauna da danƙo har ka gaji ka yar. An daɗe da sanin wannan fenti: masu bincike sun bayyana a 2008 cewa wasu zanukan da ke bangon kogon dutse a Bamiyan ta Afganistan, na wajen ƙarni na 7, da mai aka yi su. Amma wanda ya nuna wa duniya iya abin da zai yi shi ne Jan van Eyck na ƙasar da yau take cikin Beljiyam, wanda zanensa na wani attajiri da matarsa na shekarar 1434 yana nan a Landan, launinsa bai dusashe ba. Fentin cikin bututu irin wanda ka saya kuwa sai a 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro shi.

Jinkirin bushewar nan shi ne alherin fentin, shi ne kuma tarkonsa. Yana ba ka damar gyara yau da gobe, amma yana ba ka damar dama launi a kan launi har komai ya koma ruwan kwata. Ka'idar da ba a tsallakewa ita ce shafin ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, kowane shafi na sama kuma ya ɗara na ƙarƙashinsa mai. Idan ka juya tsarin, na sama zai riga na ƙasa sandarewa, na ƙasan ya ci gaba da motsi, daga baya fuskar zanen ta tsattsage kamar laka a gindin kududdufin da ya ƙafe. Launukan ma ba gudunsu ɗaya ba: amba mai ruwan makuba tana saurin bushewa, farin titaniyom da baƙi da jan kadmiyom suna da nawa.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukuncin. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, domin duk abin da ya sauka a kan ɗanyen fenti ya zauna ke nan, don haka idan ka tashi daga aiki ka jingina zanen, gabansa na kallon bango, da ɗan tazara yadda iska za ta ratsa. Da damina bushewa na ƙara jinkiri, da bazara kuma fentin da ka matso a kan allon haɗa launi zai yi fata da wuri, sai ka riƙa matso kaɗan-kaɗan. Kananzir da yawancinmu ke wanke buroshi da shi ya tsaya a wanki kawai, sannan a bi da sabulu, kada ya shiga cikin fenti. A shafin farko tarfentin, wato ruwan tsinka fentin mai, ake sirkawa da shi, a ɗaki mai taga a buɗe. Tsummokaran da suka sha man linsid kuma kada a tara su a dunƙule a kwana, suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu.

Dalilin tokar da ka gani

Ban ga zanen naka ba, saboda haka ba zan rantse a kan musabbabi guda ba, amma duk wanda ya zo mini daga fensir da wannan kukan yake zuwa, kuma dalilan ba sa wuce uku. Babba a cikinsu shi ne ɗabi'ar fensir. Da fensir baƙi da fari kawai gare ka, idan kana son duhu ka ƙara dannawa, idan kana son haske ka goge. Da ka koma fenti sai ka riƙa zuba baƙi a inuwa, fari a haske. Farin titaniyom yana da sanyi kuma yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa yake kashe ɗumin launin fata ya bar ta kamar ta wanda ya fito da hunturu bai shafa mai ba. Baƙi kuma idan ya haɗu da wannan farin, toka ce ke fitowa, babu makawa. Dalili na biyu shi ne yawan shafa. Mai fensir ya saba murza inuwa da yatsa ko auduga har ta yi sumul, idan ya yi haka da buroshi sai launuka biyar su narke su zama guda mara suna. Na uku kuma shimfiɗar kanbas ce: da yawa a nan suna shafe ƙyalle da fentin bango da gam saboda sauƙin kuɗi, idan shimfiɗar ta yi tsotso da yawa sai ta shanye man, launin ya mutu bayan kwana biyu.

Maganin ya fara tun kafin ka zana ido ko hanci. Kada ka fara a kan farin kanbas, ka shafe shi da siririn fenti mai launin ruwan ƙasa, ka goge da tsumma, ka bar shi ya bushe. Sannan ka taƙaita launukanka: fari, rawayar oka, jan kadmiyom, siyena mai jan ƙasa, amba, da shuɗin altramarin. Duhunka ka haɗa shi daga altramarin da amba, za ka sami baƙi mai zurfi wanda za ka iya karkata shi wajen ɗumi ko wajen sanyi yadda kake so. Idan za ka haskaka fata, ka fara da rawaya da ja, fari ya zo a ƙarshe kuma ɗan kaɗan. Inuwa ta kasance siririya har ana hango shimfiɗar ƙasa ta cikinta, wurin haske kuma ya sami fenti mai kauri, ka ajiye shi da buroshi sau ɗaya ka ɗauke hannu.

Zanen fuska

A nan zan fi daɗewa, tunda nan ne abincinka yake. Kamanni ba a cikin gashin gira ko ƙyallin ƙwayar ido yake ba, duk da cewa nan ne masu ba da aiki ke fara dubawa. Kana gane ɗan unguwarku daga nesa da magariba alhali ba ka ga girarsa ba, siffar kansa da yadda ya ɗora shi a wuya da faɗin inuwar da ke ƙarƙashin goshinsa su ne suka gaya maka shi ne. Saboda haka ka ƙanƙance idonka har fuskar ta rabu kashi uku, haske da tsaka-tsaki da duhu, ka shimfiɗa waɗannan da babban buroshi. Idan a wannan matakin ba a gane mutumin ba, ƙananan buroshi ba za su cece ka ba. Ka tuna kuma idanu a tsakiyar tsawon kai suke, masu koyo kan ɗaga su sama su cinye goshi da ƙoƙon kai.

Fatarmu ba launi ɗaya ba ce, ko a fuska guda. Ka zaunar da mutum mai wankan tarwaɗa a bakin ƙofar zaure da hantsi, hasken na zuwa ta gefe guda, ka dube shi da natsuwa. A goshi da ƙashin kunci da karan hanci za ka ga wani shuɗi-shuɗi mai sanyi, sararin sama ne fatar ke mayarwa. A kumatu da leɓe da kunne akwai ja. A ƙarƙashin haɓa kuma launin rigarsa ne ke haskawa, idan farar shadda ce wurin zai yi haske fiye da yadda kake zato. Hoton waya yana share yawancin wannan. Yana baje haske, yana kumbura hanci idan an ɗauka daga kusa, wayoyi da yawa kuma suna goge fata su ƙara mata fari tun kafin ka ga hoton. Wanda ya kwafi wannan da aminci, kuskuren waya ya kwafa. Ban ce ka daina karɓar hoto ba, domin sau da yawa aikin na mamaci ne ko na bazata, amma duk lokacin da hali ya yi ka roƙi a zauna maka ko da na sa'a guda, ka ɗauki hotunan da kanka a hasken taga, ka kuma yi ɗan ƙaramin gwajin launi a gaban mutumin. Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Najeriya, da kwafar hotunan jaridu da mujallu ya koya wa kansa zane a Legas, amma bai tsaya nan ba, a 1920 ya tafi Landan, daga nan Faris, don ya yi karatun abin daga tushe.

Akwai abubuwan da suka keɓanta da mu waɗanda littattafan Turawa ba za su koya maka ba. Idan basarake ne ya ja amawali ya rufe baki, idanu da karan hanci kawai aka bar maka, sauran kamannin kuma suna cikin naɗin rawanin da yadda ya zauna a kansa, don haka rawanin ya cancanci kulawa daidai da fuskar. Farin rawani ba a zana shi da fari zalla, inuwarsa tana da shuɗi da ruwan toka mai ɗumi, farin gaske sai a bakin ninki inda rana ta buga. Ɗan Kura kuwa, wanda ya sha baba ya sha bugu, ba baƙi ba ne kuma ba shuɗi kawai ba: a inda yake ƙyalli akwai wani ja-ja mai kama da tagulla, idan ka rasa shi rawanin zai fito tamkar yadin kanti. Aska irin su zube da bille da kalangu kada ka ja su da baƙin layi, tabo ne a cikin fata, gefe guda inuwa gefe guda haske. Idan kana neman abin nazari, ka nemo a intanet zanen da Velázquez na Sifen ya yi wa Juan de Pareja a 1650, wanda ke birnin New York yanzu, ka ga yadda launuka kaɗan suka fitar da mutum mai duhun fata da kwarjininsa. Ka duba kuma Tutu, fuskar wata mata da ɗan Najeriya Ben Enwonwu ya zana a 1974, wadda aka sayar a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2, ka lura da yadda juyin wuya ya ɗauki rabin aikin.

Wata matsalar ta masu ba da aiki ce: wannan ya ce a ƙara masa haske, waccan ta ce a rage mata kumatu. Ni dai ina zaɓar kusurwa da hasken da suka fi yi wa mutum kyau, amma ba na sauya masa launin fata ko ƙashin fuska, kuma ina faɗin haka tun kafin a ba da kafin alƙalami.

Zanen siffa ya fi faɗi, domin ya ƙunshi duk abin da ido zai gane, mutum ne ko doki ko kasuwa. A nan ba a tambayar ko wane ne, ana tambayar me yake yi, kuma wace ƙafa ce ke ɗauke da nauyinsa. Marini a Ƙofar Mata idan ya sunkuya a kan karofi, layin bayansa daga ƙeya zuwa diddige shi ne zanen, fuskarsa ko ba ta fito ba babu asara. Babbar riga tana ɓoye jiki, shi ya sa dole ka san inda kafaɗa da gwiwa suke a ƙarƙashinta, in ba haka ba za ka zana tanti ne da kai a samansa. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa sun ja hankalin masu zane da yawa, amma galibin abin da nake gani ado ne ya danne doki: an ƙawata labbati da linzami, ƙafafun dokin kuma ba sa taka ƙasa. Maganinsa ƙaramin littafi da gawayi a aljihu, kana zana mutane cikin minti ɗaya ko biyu a tasha, a Kurmi, a bakin Kwari, kafin su motsa.

Maganar abokinka

Abokinka yana da gaskiya rabi. Tun da aka fito da ɗaukar hoto a 1839 masu zane suka fara tambayar kansu abin da ya rage musu, kuma a farkon ƙarni na 20 wasu suka bar siffa gaba ɗaya: Hilma af Klint a Suwidin tun 1906, Kandinsky bayanta da 'yan shekaru, Malevich da baƙin murabba'insa a 1915. Amma ka duba itatuwan da Mondrian ya zana tsakanin 1908 da 1912. Na farko bishiya ce sosai, sannu a hankali rassan suka koma layuka, har bishiyar ta ɓace tsarinta ya rage. Hannun da ya iya zana bishiyar ne ya san abin da zai cire. Abstirak ba mafakar wanda zanen hannu da ƙafa ya gagara ba ne, kuma mai ido yana gane wanda ya watsa fenti don gudun wahala.

Zariyar da abokinka ya fito ma ba ta taɓa tsayawa a gefe guda ba. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a can a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kiransu shi ne a haɗa dabarar da aka koyo daga Turawa da abin da aka gada a gida. Mutanen Grillo dogaye ne, an yanka su sashe-sashe cikin shuɗi da shunayya, siffa ce amma ƙafarta ɗaya na cikin abstirak. Gani Odutokun, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello har rasuwarsa a 1995, yakan tsinka fentin mai ya bar shi ya kwarara a kan kanbas, amma gwanin zanen siffa ne.

Mu Kanawa kuma ba baƙi ba ne a wannan fage. Dagi a goshin soro, aska takwas da tambari a ƙirjin riga, zayyanar allon sauka, aikin dukawa da na masu sassaƙa ƙwarya, duk tsari ne na layi da launi da maimaici wanda ba ya kwaikwayon mai rai. Ka shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ka tsaya gaban bango ka ga yadda magini ya raba fili, ina ya cika, ina ya bari iska ta sha. Abin koyo a wurinsu wannan rabon ne. Ɗauko dagi a manna a tsakiyar kanbas kuwa ya zama ruwan dare, ba ya ƙara wa aiki komai. Ibrahim El-Salahi na Sudan ya fi kowa nuna yadda ake yi: ya ɗauki lanƙwasar rubutun Larabci da ya tashi da ita a makarantar allo ta mahaifinsa, ya warware ta har ta haifi wasu siffofi sababbi.

Akwai batun da ba ka ambata ba amma na san za a yi maka shi a gida ko a majalisa, wato hukuncin zana mai rai. Malamai ba su yi saɓani a kan itatuwa da gine-gine da zayyana ba. A kan mutum da dabba kuwa, sanannen ra'ayin Malikiyya ya bambanta cikakken mutum-mutumi mai inuwa, wanda aka haramta, da hoton da ke shafe a kan takarda ko ƙyalle, wanda aka sassauta a kansa, wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka biyun. Ni mai zane ne ba mai fatawa ba, ka kai wannan ga malamin da ka amince da iliminsa. Idan zuciyarka ta fi natsuwa da barin siffa, ka ga dai filin da ya rage maka ba ƙarami ba ne.

Idan shawarata kake nema, kada ka saki zanen fuska, shi ne a hannunka kuma shi ne makarantar da ba ta yafe kuskure, domin ko yaro zai gaya maka cewa wannan ba babansa ba ne. Amma kafin ka sake karɓar aikin kuɗi da fentin mai, ka yi fuskoki da yawa a kan ƙananan allunan katako da amba da fari kawai, daga mutanen gida da za su zauna maka, har sai haske da duhu sun zauna a hannunka, sannan ka shigo da sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Littafin aljihu ya ci gaba da tafiya da kai. Fentin da ya rage a allo bayan aiki kuma kada ka kankare ka zubar, ka yi ƙananan gwaje-gwajen abstirak da shi a kan kwali mai shimfiɗa, launi uku, babu siffa, ka ga wanne ke matsowa gaba wanne ke ja da baya. Abin da ka gano a nan za ka tarar da shi a bayan fuskokinka, wurin da yawancin masu zanen fuska ke shafewa da launi guda don su huta.

Game da alƙawari da masu aiki, ka manta da saurin fensir. Zanen fuska da fentin mai yana bukatar makonni, kowane shafi sai ya sha iska kafin na gaba, don haka wanda ya zo ana saura kwana uku ɗaurin aure ka yi masa da gawayi ko akirilik, fentin da ake sirkawa da ruwa mai saurin bushewa. Banish na ƙarshe kuma, wato shafin da ke kare zanen, ba a shafa shi sai bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon kaurin fentin. Ka gaya wa mai aikin ya rataye shi nesa da rana da hayaƙin murhu, kada ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ya dawo maka da shi idan lokacin ya yi ka share ƙurar da busasshen buroshi mai laushi ka shafa masa banish ɗin.